Maƙeran Allo da Yabon Abokan Sana'a

A farkon shekarar 2012, Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka ta ba mutum huɗu lambar yabo ta Charles Stark Draper, wadda injiniyoyi ke ganin girmanta kamar yadda masana kimiyya ke ganin Nobel. Akwai dala 500,000 tare da ita. Abin da aka yaba musu a kai shi ne allon LCD, wato siririn gilashin nan da ke fuskar agogon hannu da kalkuleta da kwamfuta, da mafi yawan talabijin da ɗimbin wayoyin da ke hannun mutane a yau. George Heilmeier da Wolfgang Helfrich da Martin Schadt suna raye a lokacin, duk girma ya kama su. Na huɗunsu, T. Peter Brody, ya riga ya rasu tun watan Satumban 2011 yana da shekara 91. Aikin da aka karrama shi dominsa kuwa tun farkon shekarun 1970 ya yi shi.

Sai dai ba kowa ne ya yi wannan dogon jinkiri ba. A 1987, ƙungiyar masana harkar allo, Society for Information Display, wadda aka fi sani da SID, ta ƙirƙiro babbar lambar yabonta mai ɗauke da sunan Karl Ferdinand Braun, kuma Brody ne mutum na farko da ta miƙa wa. A shekarar babu wanda ke da talabijin na LCD a bangon falonsa. Waɗanda ake sayarwa 'yan mitsi-mitsi ne da za su shige aljihu. Kamfanin Westinghouse da Brody ya yi wa aiki shekara ashirin ya riga ya rufe sashensa tun 1979, ƙaramin kamfanin da ya kafa da kansa kuma ya koma hannun wasu. In da kasuwa za a tambaya, cewa za ta yi mutumin ya faɗi. Abokan sana'arsa ne suka dubi abin da hannunsa ya yi, suka gane cewa a kan tubalin da ya aza za a gina masana'antar gaba ɗaya. Da shekara 25 suka riga masu ba da lambar Draper gani.

Duk lokacin da na waiwayi tarihin allo, wannan ne ke fara tsaya mini a rai. Sana'a ce da kamfanoni suka sha watsar da zinariyar da ke tafin hannunsu, manyan lambobin duniya kuma suka sha zuwa a makare, ko su ƙi zuwa sam. Waɗanda suka riƙe lissafin wane ne ya yi me, kuma yaushe, su ne mutanen da ke cikin aikin.

Wanda ya tashi a shekarun 1970 ko 1980 bai manta da talabijin mai ƙatuwar ƙeya ba, wanda sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu, a kunna shi a jira ya ɗumama kafin hoto ya bayyana. Tun daga 1962 da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, shekara uku bayan na Ibadan, irinsa ne ya riƙa shiga gidaje, yaran unguwa suna cika tsakar gidan duk wanda Allah ya hore wa. Abin da ke cikin ƙeyar nan kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, a gindinta akwai abin da ke harba ƙwayoyin lantarki zuwa fuskar da aka shafe da sinadari mai walƙiya. Bajamushe Karl Ferdinand Braun ne ya haɗa ta a 1897 a birnin Strasbourg, kuma bai yi rajistar mallakarta ba. Ya samu Nobel a 1909 tare da Guglielmo Marconi, amma a kan aikin aika saƙo ta iska aka ba shi. Kwalbar da ta mallaki ɗakunan duniya fiye da rabin ƙarni ba ta cikin dalilan. Sai da 'yan sana'ar suka ɗora sunansa a kan lambarsu mafi daraja sannan aka biya wannan bashi, shekara kusan saba'in bayan mutuwarsa a 1918.

An kafa SID a 1962 a jihar Kaliforniya, a zamanin da kamfanin RCA ke jan ragamar harkar talabijin. Har yau ana ganin sawun wannan zamani a sunayen lambobinta. Jan Rajchman, wanda ake ba da lamba da sunansa don bincike mai zurfi, ma'aikacin RCA ne. Otto Schade, wanda ya koya wa injiniyoyi yadda ake auna kaifin hoto da lissafi maimakon a dogara da ido kawai, shi ma a RCA ya yi rayuwarsa. David Sarnoff kuwa shi ne ubangidansu duka. Kuma a cikin ɗakunan binciken RCA ɗin ne aka fara ganin abin da zai kawo ƙarshen kwalbar da ke ciyar da kamfanin.

Asalin abin ya girmi RCA nesa ba kusa ba. A 1888 wani masanin tsirrai a birnin Prague, Friedrich Reinitzer, ya lura cewa wani sinadari da yake gwadawa yana narkewa sau biyu: da farko ya zama ruwa mai duhu-duhu, in aka ƙara masa zafi sai ya washe tas. Ya aika wa Otto Lehmann a Jamus, shi kuma ya gano cewa ruwa ne mai gudana amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar na kiristal. Lehmann ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan bincike, an sha gabatar da sunansa don Nobel, bai taɓa samu ba. Shekaru saba'in abin yana nan a matsayin abin mamaki da babu wanda ya san amfaninsa. Sai a 1962 Richard Williams na RCA ya ga yadda lantarki ke sauya jerin ƙwayoyin, a 1964 kuma Heilmeier, yana matashi, ya mayar da hakan allo. A watan Mayun 1968 RCA ta tara 'yan jarida ta nuna musu, aka yi ta maganar talabijin da za a rataya a bango.

Daga nan sai kamfanin ya yi sanyi. Kuɗi na shigowa ta hanyar kwalbar talabijin mai launi, hankalin manya ya tafi ga gasar ƙera kwamfuta, sabon abin kuma yana buƙatar haƙuri na shekaru. Heilmeier ya bar aikin a 1970 ya shiga hidimar gwamnati. A 1976 RCA ta sayar da sashen LCD ɗinta ga kamfanin agogo na Timex. Amma tun kafin haka wani injiniya a kamfanin Sharp na Japan, Tomio Wada, ya ga allon RCA a wani shirin talabijin, ya matsa wa shugabanninsa a gwada. A 1973 Sharp ta fito da kalkuleta mai allon LCD da ke aiki awa 100 da ƙaramin batir guda ɗaya.

Helfrich ma daga RCA ya fito. Ana ruwaito cewa a can ya fara kawo shawarar a murɗa jerin ƙwayoyin, ba a saurare shi ba, sai ya koma kamfanin magunguna na Hoffmann-La Roche a birnin Basel na Suwizalan, inda ya haɗu da Schadt. Dabarar tasu mai sauƙin faɗi ce. A zuba ruwan kiristal tsakanin gilashi biyu ta yadda jerin ƙwayoyinsa zai murɗe daga wannan fuska zuwa waccan. Haske in ya shiga sai ya bi murɗar ya fita. In aka saka ɗan lantarki kaɗan, ƙwayoyin su miƙe, hasken ya rasa hanya, wurin ya yi baƙi. Ranar 4 ga Disamba 1970 suka shigar da takardar mallaka. Watanni kaɗan bayan haka James Fergason a jihar Ohio ya shigar da tasa a Amurka a kan dabara iri ɗaya, wadda ya kai gare ta ta hanyarsa. An yi ta shari'a har Roche ta sayi haƙƙin Fergason aka kashe rigimar.

Duk wannan da bai je ko'ina ba in babu George Gray na Jami'ar Hull a Ingila. Sinadaran farko ba su da juriya, danshi da haske na lalata su, allo ya dushe bayan ɗan lokaci. Gray da abokan aikinsa ne suka haɗa wani sabon sinadari a 1972, suka wallafa a 1973, wanda ke aiki a zafin ɗaki kuma ya daɗe bai lalace ba. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ce ta ɗauki nauyin binciken, ita ce kuma ta riƙe haƙƙin mallakar. Gray ya ci gaba da koyarwarsa. Sannan ga Brody, haifaffen Budapest, wanda ya dage cewa in ana son babban allo mai motsi, dole kowane ɗigo na hoto ya samu nasa ɗan tiransista da zai riƙe masa umarni. Shi da Fang-Chen Luo suka nuna haka a aikace a birnin Pittsburgh. A 1979, shekarar da aka rufe masa ƙofa, Walter Spear da Peter LeComber a Jami'ar Dundee ta Sukotlan suka nuna cewa za a iya yin waɗannan tiransistoci da wani nau'in silikon mai araha da ake shimfiɗawa a kan faffaɗan gilashi. A 1988 Sharp ta nuna allo mai launi na inci 14, daga nan kowa ya san kwanakin kwalba ƙidayayyu ne.

To, wa ya ƙirƙiro LCD? Na jero sunaye fiye da goma, kuma ban ambaci masu haɗa sinadarai da masu hura gilashi da suka taya su ba. Ƙa'idar Nobel ba ta yarda a raba lamba ɗaya ga fiye da mutum uku ba, ba a kuma ba mamaci. Da kwamitin ya waiwayi ruwan kiristal a 1991, Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes ya ba, domin bayanin da ya yi na yadda ƙwayoyi ke jeruwa. Ya cancanta, babu shakka, amma bai ƙera allo ba. Lambar Draper ma da ta ɗauki mutum huɗu ta bar Gray a waje alhali yana raye, sai a 2013 ya rasu. Fergason ya riga ya mutu a 2008, LeComber tun 1992. Ba na ganin laifin waɗannan kwamitoci sosai. An gina lambobinsu ne a kan tunanin cewa gwani ɗaya ke tashi da abu ɗaya, allo kuwa aikin gayya ne da ya ɗauki ƙarni guda da nahiyoyi uku.

A nan ne lambobin 'yan sana'a suka fi dacewa da gaskiyar aikin. Kowace shekara ake bayarwa, kuma iri-iri ne, saboda haka akwai sararin a bi mutane ɗaya bayan ɗaya: Schadt ya karɓi lambar Braun a 1992, Gray a 1996, haka aka yi ta tafiya. Kuɗin da ke tare da su ba wani abin a zo a gani ba ne in aka kwatanta da na Nobel ko na lambar Kyoto. Darajarsu tana wurin masu zaɓen. Abokin aiki ne zai gabatar da sunanka, wasu su rubuta shaida a kanka, kwamitin da ya karanta takardunka kuma ya gwada dabararka a nasa ɗakin bincike ya yanke hukunci. Sau da yawa mai rubuta maka shaidar ma'aikacin kamfanin da ke gasa da naka ne. Haka ake ba da matsayin da suke kira Fellow, wanda mutum ƙalilan ke samu a shekara. Mu ma mun san wannan a sarautun sana'a: sarki ne ke naɗa wa Sarkin Maƙera rawani, amma ko wane ya iya ƙira ko bai iya ba, bakin maƙera ake ji, domin su ba a ruɗarsu da ƙyallin ƙarfe.

Ba na cewa hukuncin abokan sana'a ba shi da aibi. Inda duk mutane suka daɗe tare akwai sanayya, akwai ɗalibi da ke ɗaga malaminsa, akwai tsohuwar gaba da ba a faɗa. Wanda ke zuwa taro kowace shekara yana gabatar da takarda da Turanci ya fi saurin shiga ido a kan wanda ke can cikin masana'anta yana warware matsalar da babu mai rubuta ta. Jerin waɗanda suka karɓi manyan lambobin kusan duka maza ne, ko da yake mata sun yi aiki a fagen; Mary Lou Jepsen ce ta tsara allon 'yar kwamfutar yara mai karantuwa a tsakar rana, wadda aka gwada a wata firamare a Galadima kusa da Abuja a 2007. Duk da haka, in aka ɗora kurakuran wannan hukunci a sikeli ɗaya da na shugabannin RCA da Westinghouse, an san wanda zai rinjaya.

Labarin filasma ya nuna wani amfanin da ban cika jin ana faɗa ba. A 1964, a Jami'ar Illinois, Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson suka ƙera allon filasma na farko, ba don talabijin ba, don na'urar koyar da ɗalibai ta kwamfuta mai suna PLATO. Launi ɗaya gare shi, ruwan lemo. Injiniyoyin Fujitsu ne suka ɗauke shi suka raine shi, har Tsutae Shinoda ya kai ga mai cikakken launi na inci 21 a 1992. Ya yi tashe na wasu shekaru a matsayin babban talabijin na masu hali, sannan LCD ya bi shi da araha ya kayar. Zuwa ƙarshen 2014 Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera shi. Kasuwa ba ta da wurin ajiye abin da ya daina kawo riba. Amma SID tana da lamba mai sunan Slottow da Kenichi Owaki na Fujitsu, Ba'amurke da Bajapane a haɗe, kuma ga malamai ake ba da ita, waɗanda suka horar da ɗalibai a fagen. Wannan zaɓi ya burge ni ƙwarai. Fasaha kan mutu, amma ɗaliban da suka koyi aiki a kanta su ne suka je suka gina wadda ta gaje ta, kuma ƙungiyar ta fahimci cewa wanda ya koyar da su ya yi aikin da ya fi na'urar tsawon rai.

Akwai kuma tambayar da yabo ba ya amsawa, ita ce ta haƙƙi. Allon LCD ba ya ba da haske da kansa, sai an haska shi daga baya, kuma farin hasken da ke bayan allon wayoyi da talabijin na yau daga shuɗin LED ya samo asali, kamar yadda fitilun sola da tocilan da suka kori aci-balbal a ƙauyukanmu suka samo. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya, da Shuji Nakamura a wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia, su ne suka ci nasarar yin sa bayan manyan kamfanoni sun gaji sun bari. Nichia ta fara sayar da shi a 1993, ta yi arziki. Tukwicin da ta ba Nakamura a kan takardar mallakar yen 20,000 ne, abin da bai kai dala 200 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya bar Japan ya koma koyarwa a Kaliforniya, ya kai ƙara a 2001. A 2004 wata kotu a Tokiyo ta ce a biya shi yen biliyan 20, a 2005 aka sasanta a kan kimanin yen miliyan 840. A shekarar 2004 ɗin nan, ana tsakiyar shari'a, SID ta ba shi lambar Braun. Akasaki ya karɓi tasa a 2013. Nobel ta zo musu su uku a 2014.

Ita ma Nobel ɗin ta bar miki. Nick Holonyak, wanda ya yi jan LED na farko mai ganuwa a kamfanin General Electric tun 1962, ya fito fili ya nuna ɓacin ransa cewa an tsallake waɗanda suka share hanya. Sai a 2021 lambar Sarauniya Elizabeth ta injiniyanci ta haɗa shi da Akasaki da Nakamura da George Craford da Russell Dupuis. Akasaki ya rasu a watan Afrilun shekarar, Holonyak a shekarar da ta biyo. Wasu na ganin irin wannan ƙorafi bai dace da dattijo ba. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya ba da shekara hamsin ga aiki yana da damar ya so a rubuta tarihinsa daidai, kuma neman a faɗi gaskiya ba kwaɗayi ba ne.

Babban sauyin da aka samu tun daga wancan zamani shi ne ƙaurar sana'ar. Amurka da Turai suka haifi dabarun, Japan ta mayar da su kaya a shekarun 1980 da 1990, Koriya ta Kudu da Taiwan suka karɓe, yanzu kuma Sin ce ke ƙera mafi yawan allon LCD na duniya. Kamfanin BOE na Beijin, wanda aka kafa a 1993, ya sayi sashen allo na wani kamfanin Koriya a 2003, daga nan ya yi ta hawa. Sharp, mai kalkuletar nan ta 1973, ta koma hannun Foxconn na Taiwan a 2016, a 2024 kuma ta dakatar da ƙera manyan allunan talabijin a masana'antarta ta Sakai. Samsung ta daina ƙera LCD a 2022. Allunan da masu gyaran waya ke sauyawa kullum a Farm Centre a Kano galibi daga Sin suke zuwa. Jerin masu karɓar lambobin SID ya bi wannan ƙaura sawu da ƙafa: sunayen Amurkawa da Turawa a farko, sannan na Japanawa, sannan na Koriyawa da Sinawa. Wanda ya karanta jerin daga sama zuwa ƙasa ya karanta tarihin masana'antar.

Tare da ƙaurar, yanayin aikin ma ya sauya, kuma a nan damuwata take. A zamanin Heilmeier mutum biyar a ɗaki ɗaya na iya juya duniya. Yau masana'antar allo guda ɗaya na cin biliyoyin daloli, ana sarrafa faifan gilashi da tsawonsa ya haura mita uku, kuma abin da ke raba riba da asara shi ne allo nawa ne cikin ɗari za su fito babu ɗigo ko ɗaya da ya mutu. Dubban injiniyoyi ne ke wannan yaƙi, kuma abin da suka gano sirrin kamfani ne, ba a wallafa shi, ba a kai shi taro. Wanda bai wallafa ba kuwa, da me abokan sana'a za su auna shi? Tun tsakiyar shekarun 1990 SID ta ƙara wani rukunin lambobi da ake ba kayayyaki, wato allon da ya fi fice a shekara. Waɗannan su ne 'yan jarida ke ɗauka, su ne kamfanoni ke sakawa a talla. Apple, wanda ba shi da masana'antar ƙera allo tasa, ya sha karɓar su. Ban ce haramun ba ne a yaba wa kaya mai kyau, kuma tsara abin da za a ƙera ma gwaninta ce. Amma kamfani yana da kuɗin talla, yana da lauyoyi, yana da sunansa a jikin kowane kwali. Injiniya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In hasken taron shekara ya karkata ga kaya ya bar mutane, to an ƙara wa mai shi, an rage wa marar shi. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne lambar da ƙungiyar ta ƙirƙiro da sunan Brody bayan rasuwarsa, wadda aka keɓe wa matasan masu bincike, domin yabo ya riski mutum tun yana da ƙarfin da zai ƙara aiki da shi.

Saura mutum ɗaya da lissafinsa bai rufe ba. An haifi Ching Tang a 1947 a wani ƙauye a Hong Kong, ya yi karatu a Amurka, ya shiga kamfanin Kodak a 1975. Yana binciken yadda za a samu lantarki daga hasken rana da sinadarai masu ɗauke da kabon, sai ya ga cewa in aka juya lamarin aka saka musu lantarki, haske suke fitarwa. A 1987 shi da Steven Van Slyke suka wallafa 'yar gajeriyar takarda da ta nuna yadda shimfiɗa biyu sirara za su ba da haske mai ƙarfi da lantarki kaɗan. Wannan shi ne OLED, allon da kowane ɗigonsa ke haska kansa, shi ya sa baƙinsa ke zama baƙi ƙirin, shi ya sa kuma ake iya lanƙwasa shi har a naɗe waya gida biyu. Kodak ta bi sawun RCA da Westinghouse: ta sayar wa LG harkar OLED ɗinta a 2009, a farkon 2012 ta shigar da takardar karyewa. Samsung da LG ne suka ci moriyar, yanzu kuma kamfanonin Sin na biye da su.

SID ta ba Tang lambar Rajchman a 2001, shekara shida kafin Sony ta fito da talabijin na OLED na farko, ɗan inci 11. Lambar Wolf ta zo a 2011, ta Kyoto a 2019. A 2023 kwamitin Nobel ya karrama Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov a kan ƙananan ƙwayoyin da ke ƙara wa allo kyan launi, abin da ke nuna cewa kwamitin ba ya ƙyamar aikin da ya ƙare a fuskar talabijin. Ɗaruruwan miliyoyin wayoyi masu allon OLED ake sayarwa kowace shekara, kuma babu wani mai gardama a cikin sana'ar kan inda abin ya faro. A wannan karon sunayen ba su wuce ƙa'idar mutum uku ba, masu su kuma sanannu ne. A ganina Tang da Van Slyke sun cancanci Nobel, kuma kwamitin ba shi da sauran uzurin jinkiri.